Hutun Ramuwa da Awannin da Ke Cikin Rajista

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a wata maɗaba'a da ke cikin birnin Kano, kuma a 'yan shekarun baya-bayan nan ni ne nake riƙe da rajistar da kowane ma'aikaci yake sa hannu a cikinta idan ya zo da safe, ya kuma sake sawa idan zai tashi. Dogon littafi ne mai baƙin bango, irin wanda ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, an ja masa layi da biro an raba kowane shafi gida biyar: suna, lokacin zuwa, lokacin tashi, sa hannu, sai kuma gida na ƙarshe da aka ware don awannin da mutum ya ƙara bayan lokacin tashi ya wuce. Wannan gida na biyar shi ne ya sa na zauna yin wannan rubutu, domin na ga yadda abin da ake rubutawa a cikinsa yake iya zama alheri ga ma'aikaci, na kuma ga yadda yake iya komawa lambobi kawai a kan takarda, waɗanda mai su ba zai taɓa cin moriyarsu ba.

Aikin ɗab'i ba ya tafiya a kan gwargwado ɗaya. Akwai makonnin da injuna suke yini a lulluɓe, ma'aikata suna zaune a bakin ƙofa suna jiran wanda zai kawo ko da katin suna ne, akwai kuma makonnin da mutum ba ya samun sukunin ɗaga kai. Ƙarshen shekara lokacin kalanda ne, farkon zangon karatu lokacin rasit da takardun makarantu, bayan kowace Sallah katunan ɗaurin aure su cika tebur, idan kuwa shekarar zaɓe ce to fosta ita ce ke cinye komai. A ƙa'ida muna fara aiki ƙarfe takwas mu tashi ƙarfe biyar, daga Litinin zuwa Asabar, da awa ɗaya a tsakiya don sallah da cin abinci. Duk abin da ya wuce haka shi ne muke kira obataim, kuma tun da na fara aiki a wurin, kuɗi ake biya a kansa a ƙarshen wata, a haɗe da albashi.

A farkon shekarar 2023 abubuwa biyu suka haɗe mana a lokaci guda. Zaɓen shugaban ƙasa ya kama ranar 25 ga Fabrairu, na gwamnoni kuma aka yi shi ranar 18 ga Maris bayan an ɗage shi da mako guda, saboda haka tun daga Janairu aiki ya yi mana rubdugu. A daidai wannan lokaci ne kuma ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira ya tsananta, har ya zama mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da na shiga adaidaita sahu. Mun yi makonni muna tashi ƙarfe tara ko goma na dare, mun yi Lahadi uku a jere a bakin inji, kuma masu nisan gida sun sha kwana a kan tabarma a ɗakin ajiyar takarda, saboda tun a watan Yulin 2022 gwamnatin jiha ta hana adaidaita sahu zirga-zirga daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe.

Ana cikin haka maigidanmu ya tara mu bayan sallar La'asar, ya yi mana bayani cewa da yawa daga cikin waɗanda suka ba da aikin ba su biya ba tukuna, kuɗin takarda da tawada da man janareta kuma sun cinye abin da ke hannu, don haka yana roƙon a wannan karon a bar maganar kuɗin ƙarin lokaci, idan aiki ya lafa za a rama wa kowa awanninsa da hutu. Mutum ne da muke ganin girmansa, wanda ya sha tsaya wa da yawa daga cikinmu a lokacin rashin lafiya da haihuwa, saboda haka wurin ya yi tsit. Dattijon da ke kan injin yanka, wanda ya girmi kowa a wurin, shi kaɗai ne ya yi magana. Ya ce, "Alhaji, Allah ya ƙara arziki, mun ji kuma mun fahimta. Amma hutun nan yaushe ne, kuma wa zai faɗi ranarsa, mu ko kai?" Maigida ya amsa da cewa, "Baba, in sha Allahu ba za a ci haƙƙin kowa ba." Aka shafa fatiha aka koma bakin aiki. Ni da rajistar take hannuna ban ce a rubuta komai ba, kuma har yau wannan shirun nawa yana damuna, domin tambayar da dattijon ya yi ita ce dukan maganar, kuma ba a amsa ta ba.

Ba a daɗe da gama zaɓe ba azumi ya kama, a ranar 23 ga Maris. Aiki ya lafa, aka ce kowa ya riƙa tashi ƙarfe uku, a kuma riƙa cire awa biyun da suka rage daga cikin awannin da yake bi. A ido abin ya yi kama da cika alƙawari, amma duk wanda ya daɗe a wurin ya san cewa kowace shekara da azumi ƙarfe uku muke tashi, kuma ba a taɓa cire wa kowa komai a kan haka ba. Wato sassaucin da muka saba samu kyauta shi aka mayar mana da shi a matsayin biyan bashi. Bayan Sallah kuma sai wani salo ya shigo: duk ranar da aka wayi gari babu wuta kuma babu man janareta, sai a ce wa mutane su koma gida, a rubuta musu ranar a cikin hutun ramuwa. Mutum ya taso daga Kurna ko Hotoro ko Rijiyar Zaki, ya biya kuɗin abin hawa ya zo, ya zauna awa ɗaya ko biyu yana jira, sannan a sallame shi ya sake biyan kuɗin komawa, a kuma ce ya huta. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu na wannan shekarar kuɗin abin hawa ya tashi, sai irin wannan hutu ya koma asara tsagwaronta. A ɗaya ɓangaren kuma, duk wanda ya zo da kansa ya nemi kwana biyu daga cikin awanninsa don wata buƙata tasa, sau da yawa amsar da yake samu ita ce ya ɗan dakata, akwai aikin da ake son fitarwa a makon.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wani yaro mai haɗa takardu da ɗinki, wanda ya sami aiki a wata masana'anta a Sharaɗa da damina ta faɗi. Ranar da zai bar mu ya same ni a tebur ya ce, "Yaya, don Allah duba mini, awa nawa suka rage mini?" Na buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya ina haɗawa a gabansa, yana bin yatsana da ido, muka sami awa 52, wato fiye da mako guda na aiki. Ya shiga ofis ya tambaya ko za a mayar masa da su kuɗi tunda ba zai samu damar hutawa ba, aka ce masa yarjejeniyar hutu aka yi, ba a yi ta kuɗi ba, kuma shi ne ya zaɓi tafiya. Ya fito bai yi wa kowa rashin kunya ba, ya yi sallama da mu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki ledar kayan aikinsa ya tafi. Awanninsa suna nan a rubuce da hannuna har yanzu, a tsohuwar rajistar da ke cikin durowa.

Bayan tafiyarsa ne na nemi Dokar Ƙwadago ta Najeriya na karanta da kaina, wadda take cikin kundin dokokin tarayya na shekarar 2004 a babi na L1. Sashe na 13 shi ne ya yi magana a kan lokutan aiki. Ya ce awannin aiki na yau da kullum su ne waɗanda aka tsayar ta hanyar yarjejeniya tsakanin ma'aikaci da mai aiki, ko ta hanyar tattaunawa da ƙungiyar ma'aikata, ko kuma ta hannun hukumar tsara albashi inda babu tsarin tattaunawar, sannan duk awannin da aka sa mutum ya yi fiye da waɗannan, ƙarin lokaci ne. Ya ce wanda ya yi aikin awa shida ko fiye a rana yana da haƙƙin hutawa da jimillarta ba ta gaza awa ɗaya ba. Sannan ya zo kan abin da ya shafe mu kai tsaye: a cikin kowane kwana bakwai ma'aikaci yana da ranar hutu guda wadda ba ta gaza awa 24 a jere ba, kuma idan aka tauye masa wannan hutu, to ko dai a rama masa da hutu daidai da abin da aka ɗauka, cikin gaggawa kuma kada ya wuce kwana 14, ko kuwa a biya shi kuɗi a kan farashin ƙarin lokaci. Da na karanta wannan sai na tuna da Lahadi ukun da muka yi a jere a watan Fabrairu, waɗanda aka ce an rama mana su a watan Afrilu da tashin ƙarfe uku.

Ya kamata in yi adalci ga dokar da kuma mai karatu, kada a ɗauka ta faɗi abin da ba ta faɗa ba. Wa'adin kwana 14 ɗin nan a kan ranar hutun mako yake magana. Awannin da mutum ya ƙara da daddare a ranakun aiki kuwa, dokar ta kira su ƙarin lokaci amma ba ta yanke nawa za a biya a kan kowace awa ba, ta bar wannan ga yarjejeniya. Shi ya sa sashe na 7 yake da muhimmanci, domin ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci takarda a rubuce, kafin wata uku su cika da fara aikinsa, wadda ta bayyana albashinsa da yadda ake lissafa shi da sharuɗɗan awannin aiki da na hutu. A tsakaninmu a lokacin, waɗanda suke da irin wannan takarda ba su da yawa. Akwai kuma sashe na 18, wanda ya ba wanda ya cika wata goma sha biyu yana aiki hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi, har ma ya haramta a biya mutum kuɗi a madadin wannan hutu matuƙar yana kan aikinsa. Hutun shekara ke nan haƙƙi ne mai zaman kansa, bai kamata a cakuɗa shi da hutun ramuwa ba, kamar yadda na ji ana yi a wasu wurare, inda ake ba mutum mako guda a ce ya haɗa duka biyun. Sannan sashe na 91, wurin da aka fassara kalmar ma'aikaci, ya fitar da masu aikin gudanarwa da na shugabanci da na ƙwarewa daga cikin waɗanda dokar take nufi, saboda haka irin waɗannan takardar ɗaukarsu aiki ce madogararsu, kuma idan rigima ta taso Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a nan Kano, ita ce wurin zuwa.

Ba na cikin masu ganin cewa hutu a madadin kuɗi zalunci ne a karan kansa. Na san abin da gajiya take yi wa mai aiki da inji. Wuƙar injin yanka tana raba rim ɗin takarda gida biyu a bugu ɗaya, kuma mutumin da ya kwana uku bai yi barcin kirki ba shi ne ake sa ran ya riƙa sa hannu yana gyara takarda a ƙarƙashinta. Akwai lokacin da naira dubu nawa ma aka ba ka ba za ta maye gurbin kwana ɗaya na barci ba. Akwai kuma buƙatun da lokaci suke nema, kamar kai mahaifiya asibiti ranar ganin likita, ko zuwa makarantar yaro, ko bin layin wata takarda a ofishin gwamnati da ba ya buɗewa sai a ranakun aiki. Shi kansa dattijon namu abin da yake so shi ne a bar shi ya je garinsu da kaka ya tsaya a kan girbin gonarsa, kuma da an tambaye shi tun farko, da hannu biyu zai karɓi hutu a madadin kuɗi. Ga mai ƙaramar masana'anta ma, wanda yake fama da tsadar mai da masu karɓar aiki ba su biya ba, wannan tsari yana iya hana shi rage ma'aikata a watannin da babu ciniki. Duk wannan na yarda da shi.

Inda nake tsayawa shi ne cewa awannin da ma'aikaci ya riga ya yi bashi ne a kan mai aiki tun daga daren da aka yi su, kuma sauya wa bashi suna zuwa hutu ba ya sauke shi. Mu Hausawa mun san ramuwa a wurin azumi: wanda ya sha kwana biyar saboda rashin lafiya ko tafiya ya san adadinsu, ya san kwana biyar cur zai rama, kuma yana ƙoƙarin sauke su kafin wani azumin ya zagayo. Ba ya cewa ranar da ya makara bai karya kumallo ba ta shiga lissafi. Irin wannan tsantseni nake ganin ya kamata a yi wa awannin mutane. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito, wanda ke umarni da a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe, kowane ɗan Kano ya san shi, kuma a cikin Buhari akwai hadisin ƙudusi da ya ambaci mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar alƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya karɓi cikakken aiki daga gare shi bai ba shi ladansa ba. Ko a ƙissar Annabi Musa, alaihis salam, a cikin Suratul Ƙasas, da aka yi yarjejeniyar aiki an faɗi wa'adi a fili, shekara takwas, aka ce idan ya cika goma to daga gare shi ne, wato ƙarin an bar shi a hannun mai yin aikin, kuma mai ba da aikin ya faɗa da bakinsa cewa ba ya nufin ya tsananta masa.

Sai kuma maganar lissafi, wadda galibi ake tsallakewa. A ɗauki mai karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, gwamnatin Kano kuma ta tsayar da 71,000 ga nata ma'aikatan. Idan yana aikin awa takwas a rana, kwana 26 a wata, awanninsa 208 ke nan, kowace awa tana kamawa kimanin naira 336. Idan ya ƙara awa 40 a watan da aiki ya yi yawa, a farashin awa da awa yana bin sama da naira 13,000, idan kuwa ana biyan ƙarin lokaci ninki ɗaya da rabi, kamar yadda wurare da dama suke yi, abin ya haura naira 20,000. Ga mai iyali a Kano ta yau wannan kuɗi yana nufin kwanonin hatsi, ko kuɗin makarantar Islamiyya, ko rage bashin mai shago. Idan aka ce masa ya karɓi hutun awa 40 a madadinsu, to an yi masa ragi sau biyu: an hana shi kuɗin da yake buƙata, an kuma ba shi awa ɗaya a kan awar da a kuɗi take daidai da ɗaya da rabi. Awar ƙarfe tara na dare, lokacin da ya kamata mutum yana tare da iyalinsa, ba daidai take da awar ƙarfe goma na safiyar Talatar da babu ciniki ba. A nan ne nake ganin bambanci tsakanin mai babban albashi da mai ƙarami, domin na farko lokaci ne yake masa ƙaranci, na biyu kuwa kuɗi, kuma ƙa'idar da aka yi wa kowa jimla ba tare da zaɓi ba, na ƙasa take dannewa. Dokar mafi ƙarancin albashin ma ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma irin waɗannan wurare su ne suka fi yawa a garin nan.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane wannan. Yarjejeniya ta farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar a shekarar 1919 ta tsayar da awa takwas a rana da awa 48 a mako ga masana'antu, ta kuma ce kuɗin ƙarin lokaci kada ya gaza ninki ɗaya da kwata. A Amurka, dokarsu ta 1938 ta sa a biya ninki ɗaya da rabi a kan abin da ya wuce awa 40 a mako. Da suka yi gyara a 1985 suka yarda gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi su riƙa ba ma'aikatansu hutu a madadin kuɗin, sai suka gindaya cewa kowace awa ɗaya ta ƙarin lokaci hutun awa ɗaya da rabi take jawowa, suka sa iyaka ga abin da mutum zai tara, awa 240 ga yawancin ma'aikata da 480 ga irin su 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, suka kuma wajabta a biya mutum kuɗin abin da ya rage masa idan ya bar aiki. Kamfanoni masu zaman kansu kuwa ba a ba su wannan dama ba. Ban kawo wannan don a kwafo shi ba. Na kawo shi ne domin duk abin da suka toshe da doka, ni na gan shi da idona a buɗe a cikin rajistarmu. Kuma Kano ba baƙuwa ba ce a maganar haƙƙin ma'aikaci, tunda gwamnatin PRP ta marigayi Abubakar Rimi ce ta fara mayar da ranar 1 ga Mayu ranar hutu a shekarar 1980, kafin ta zama ta ƙasa baki ɗaya a 1981.

Da ƙarshen wannan shekarar ta 2023 ya matso, aikin kalanda ya fara shigowa, na ga cewa idan muka sake yin shiru haka za a maimaita. Na shawarci dattijon da wasu mutum biyu, muka nemi ganin maigida ranar wata Asabar bayan an tashi. Na tafi da tsohuwar rajistar, na buɗe masa shafin yaron da ya tafi, na ajiye a gabansa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ƙara muka kawo ba. Wannan rubutun hannuna ne, kuma ina jin nauyinsa. Muna so a tsara abin nan yadda kai ma za ka kuɓuta, mu ma mu kuɓuta." Ya daɗe yana duban shafin bai ce komai ba. Da ya buɗe baki, abin da ya fara faɗa shi ne bai san awannin sun kai haka ba, domin bai taɓa zama ya haɗa su ba, kuma na gaskata shi. Yawancin irin wannan tauye haƙƙi, a iya abin da na gani, daga rashin lissafi yake farawa, sannan sabo ya ɗora a kai.

Mun yi zama uku kafin mu daidaita, kuma ba duk abin da muka nema muka samu ba. Mun nemi awa ɗaya da rabi a kan kowace awa, shi kuma ya ce ba zai iya ba sai a ranakun Lahadi da ranakun hutun gwamnati, sauran ranaku awa da awa, muka karɓa a kan cewa za a sake duba maganar. Amma ya amince cewa kafin a fara kowane aiki mai buƙatar ƙarin lokaci za a tambayi kowa ko kuɗi yake so ko hutu, a rubuta zaɓinsa a gaban sunansa, kuma babu wanda za a canza wa bayan an gama aikin. Wanda ya zaɓi hutu shi ne zai faɗi ranarsa, da sharaɗin ya sanar kwana uku kafin nan, idan kuma aka hana shi saboda matsin aiki, to a take za a tsayar masa da wata rana a cikin mako biyu. Ranar da aka sallami mutane saboda rashin wuta ba ta shiga lissafin kowa, haka ma tashin wuri na azumi. Awannin da suka kwana wata uku ba a ci su ba suna komawa kuɗi a albashin wata na gaba, kuma wanda zai bar aiki ana biyansa abin da ya rage masa tare da albashinsa na ƙarshe. Muka buga wannan a shafi ɗaya a kan injinmu, kowa ya sa hannu, aka manna kwafi a bangon ciki na rajista. Ni kuma na ɗora wa kaina cewa kowace ranar biyan albashi zan karanta wa kowa adadin awanninsa, ya duba ya sa hannu a gefe.

Na san cewa mu masu rajista muna cikin masu sa'a. Yaran shago a Kantin Kwari da Singa suna kai dare suna ɗaura kaya a goman ƙarshe na azumi, masu gadi suna yin awa goma sha biyu a matsayin yini ɗaya, teloli da yaransu suna kwana a kan keke har safiyar Sallah, kuma mafi yawansu babu takarda ko ɗaya a tsakaninsu da iyayen gidansu, sai amana da kunya da abin da aka ga dama aka bayar. Ba na raina amana, ita ce ta riƙe kasuwancin garin nan tun zamanin fatake. Sai dai na lura cewa kunya kullum ƙaramin take hanawa magana, shi ya sa nake ganin nauyin fara lissafin yana kan babba, ko da a littafin naira ɗari biyu ne.

Da kakar da ta biyo baya dattijon namu ya zo mini da maganar tafiyarsa tun saura mako guda. Muka buɗe shafinsa muka tarar yana da awa 33, ya ce a ba shi kwana huɗu daga Litinin zuwa Alhamis, awa ɗayan da ta rage a bar masa ita. Na rubuta, ya sa hannu, na kai wa maigida shi ma ya sa. Ranar Juma'a da safe ya dawo da ƙullin gyaɗa a bayan kekensa, ya raba mana a ƙofar shiga, sannan ya cire rigarsa ya rataye, ya goge wuƙar injin kamar yadda ya saba kafin ya kunna. Yaron da ya koma Sharaɗa kuwa na nemi lambarsa a wurin wani abokinsa, na gaya wa maigida, ya ce in kira shi ya zo ƙarshen wata, kuma in lissafa masa awa 52 ɗin a kan albashin da yake karɓa lokacin da ya bar mu.